Ƙurar da Maigida Ya Saya a Gwanjo

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ranar Lahadi, aka shigo da motar gidan da nake aiki a unguwar Malaz, a Riyad. Mu huɗu ne a tsakar gidan. Akwai maigida, wanda shi ne kafilina, wato mutumin da takardar zamana a ƙasar take hannunsa. Akwai wani ɗan Lubnan mai sanƙo da ake ce wa masanin tsofaffin motoci. Akwai mai lambun gidan, dattijo mutumin Maraɗi, wanda nake kira Baba. Sai ni, direba.

Motar ba da ƙafarta ta zo ba, goyo ta aka yi a bayan babbar mota. Da aka yaye tamfal na ɗauka kuskure aka yi. 'Yar ƙarama ce mai kujera biyu. Ba a gane launinta saboda ƙura, kashin tsuntsu ya bushe a kan rufinta, ciyawa ta cika ƙasan kujeru, akwai sheƙa a bayan sitiyari, tayoyi biyu sun sace. A gilashin baya wani ya taɓa yin rubutu da yatsa, ƙura ta sake hawa kan rubutun. Maigida ya zagaya ta sau uku hannuwansa a baya, kamar wanda ya je barkar haihuwa aka hana shi ɗaukar jariri. Shi da masanin suna ta Turanci da sauri. Nawa Turancin a aji uku na sakandare ya tsaya, don haka ban kama komai ba sai adadin kuɗin, shi ma ban yarda da kunnena ba.

Na matsa kusa da mai lambu na ce, "Baba, nawa na ji ya ce?"

Ya ce, "Abin da ka ji, Malam. Riyal miliyan biyu da wani abu."

"A gwanjo?"

"A gwanjo."

A garinmu gwanjo wurin samun sauƙi ne. Can ake kai abin da mai shi ya gaji da shi, talaka ya je ya taya. A nan kuwa na taɓa kai maigida irin wannan gwanjon, na leƙa ta ƙofa: manyan mutane zaune cikin sanyin na'ura, ana zuba musu gahawa, kowa na ɗaga ɗan allo don ya biya fiye da na kusa da shi. Wanda ya fi kowa asara shi ake tafa wa.

Kafin ya shiga ciki maigida ya kira ni ya ba ni umarni uku. Kada in tayar da ita. Kada in bar kowa ya zauna a ciki. Kada ta taka titi ko da turawa ne, domin ba ta da lamba, ba ta da istimara, takardar da mota ke yawo da ita, kuma a cewar masanin ba za a ba ta ba, tunda sitiyarinta a dama yake. In 'yan sandan hanya suka gan ta a waje, ɗauke ta za su yi. Na maimaita masa ukun ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda nake yi da kowane umarni. Sannan na ce, "Ɗal umrak," wato ranka ya daɗe, "a Kano akwai masu mayar da sitiyari hagu cikin kwana biyu, ba wanda zai gane." Ya maimaita wa masanin, suka yi dariya har masanin ya share ido. Ban ga abin dariya ba. Mutum ya sayi mota da kuɗin da zai sayi duk motocin tasharmu, ba za ta kai shi ko masallacin unguwa ba.

Ya kamata in faɗi wane irin direba ne ni. Ubangidan da ya koya mini tuƙi a tashar Funtuwa bai bar ni na taɓa sitiyari ba sai da na yi shekara guda da bokiti da tsumma. A wurinsa motar da ta kwana da datti shaida ce a kan direbanta, ba a kan mai ita ba. Da wannan tarbiyya na zo Riyad, na yi shekara tara a gidan nan a kan tsari ɗaya: sallar Asuba, shayi, duba ruwa da mai, sannan wanka. Motoci huɗu ne a gidan, kuma ƙarfe bakwai bai taɓa bugawa ya sami ɗaya da ƙura ba. A lokacin da wannan ta biyar ta zo, saura kwana arba'in iƙamata, wato takardar zaman, ta ƙare. Sabunta ta a hannun maigida yake. In ya ƙi, sai gida, ga ginina a Funtuwa ya kai linta ba rufi, ga 'ya'yana mata biyu a makarantar kwana.

Ranar Litinin maigida ya tafi Jidda. Ya ce zai dawo Alhamis da yamma tare da abokansa, za su zo ganin motar. Litinin na wanke huɗu na wuce ta biyar ban kalle ta ba. Talata na kalle ta. Da na kwanta ranar sai na riƙa hango baƙi a tsakar gida suna tambayar wane ne direban gidan nan. Na sake bin umarnin ɗaya bayan ɗaya. Tayarwa, zama, titi. Babu wanka a ciki. Na ce a raina ai ba sai an ce wa direba ya wanke mota ba, shi ya sa bai faɗa ba.

Laraba bayan Asuba na fara. Baba mai lambu ya same ni ina haɗa tiyo.

"Malam, an ce ka taɓa ta?"

"Ba a ce kada in wanke ba."

"Ku 'yan Najeriya, in ba a rufe ƙofa da kwaɗo biyu ba, a wurinku a buɗe take."

"Ku kuma 'yan Nijar ƙura 'yar'uwarku ce, shi ya sa ba ta dame ka ba. Riƙe mini bokiti."

Ya riƙe. Na fara da busasshen aiki: na share rufin da tsintsiya mai laushi, na kwashe ciyawa, na cire sheƙar, duk daga waje nake miƙa hannu don kada in saɓa umarnin zama. Baba ya tattara ciyawar da kashin tsuntsun ya zuba a gindin bishiyar lemo, ya ce takin Turai ne, bai kamata a yi asararsa ba. Sannan ruwa, sannan sabulu, sannan ruwa. Sau uku ina canza bokiti kafin launinta ya fito, kore mai duhu kamar ganyen mangwaro. Akwai wata tsohuwar takarda manne a gilashin gaba, na jiƙa ta da ruwan zafi na kankare da reza. Na ba tayoyin iska. Kujerar direba ta yage a gefe, na ɗinke da baƙin zare. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na gama goge ta da man ƙyalli. Ban taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba, har yau kuma ban janye wannan magana ba.

Alhamis ƙarfe biyar na yamma suka iso, maigida da masanin da baƙi shida. Na sa jallabiyata mai guga na tsaya a gefen motar, ba kusa sosai ba, don kada a ce ina neman tukwici. Maigida ya shigo yana magana, ya tsaya a tsakiyar kalma. Masanin ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, sannan ya nemi bakin kwamin fulawa ya zauna.

Maigida ya ce, "Ina ƙurar?"

Na ce, "A kwata, ɗal umrak."

"Sheƙar fa?"

"Tana gindin lemo."

Ɗaya daga cikin baƙin ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Masanin ne ya yi mini bayani, da Larabci a hankali, kamar mai yi wa mara lafiya magana. An sami motar a wani rumbu a ƙauyen Ingila, a kulle, sama da shekara arba'in ba wanda ya taɓa ta. Irinta da aka wanke aka gyara suna da yawa a duniya. Wadda ba a taɓa ba ce babu. Ƙurar ita ce shaida. An ɗauki hoton kowane kashin tsuntsu an buga a littafin gwanjo. Rubutun yatsa na gilashin baya, ana zaton na mai motar na farko ne. An naɗe ta a leda, an hana ta girgiza a jirgi, an biya inshora, duk don ƙurar ta iso Riyad lafiya. Niyyar maigida ya ajiye ta shekara biyu ya mayar da ita gwanjo da riba. Yanzu, in ji masanin, kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta ya bi ruwa.

Na ce, "To motar fa? Ba abin da ya same ta."

Ya ce, "Motar ita ce ƙaramin abin da aka saya."

Na juya wurin maigida na ce, "Abu uku ka ce, kuma ukun na kiyaye." Gaskiya ce, amma ba lokacinta ba ne. Ya dube ni ya faɗi kalma ɗaya da duk baƙo a ƙasar nan ya sani: huruj, fita ba dawowa.

Kwana uku bai yi mini magana ba, ɗansa ne ke tuƙa shi. Na ci gaba da wanke huɗun, domin ban san abin da zan yi da safiya ba in ba haka ba. Na ɗaure kayana. Ban gaya wa maiɗakina ba, na dai ce mata a dakata da maganar kwanon rufi.

Ranar Lahadi da la'asar maigida da masanin suka sake tsayawa a kan motar kamar masu zaman makoki. Baba yana ban ruwa kusa da su. Ya shekara talatin a ƙasar, Larabcinsa ya fi nawa, kuma tsufa ya ba shi izinin yin magana inda ni ba ni da shi. Ba tare da ya ɗago ba ya ce wa maigida, "Ɗal umrak, ni dai ban taɓa jin ƙura ta yi tsada a Riyad ba. Ku bar ta a waje mako guda."

Masanin ya ce ba irinta ba ce. Ta nan ja ce, ta rairayi. Waccan toka-toka ce, ta rumbu, mai haɗe da ciyawa da tsuntsaye, kuma shekaru ne suka kwantar da ita. Sai ya shafa sanƙonsa. Ya ce amma in aka sami rumfa mai duhu, da ciyawa, da tantabaru a sama, ba za a ce ba zai yiwu ba.

Maigida ya ce, "Shekara nawa?"

"Biyar. Ko shida."

Maigida ya waiwayo ya same ni tsaye da tsumma a hannu. Ya ce, "Kai ka cire ta, kai za ka mayar da ita. Ba inda za ka sai ƙurata ta dawo." A makon nan aka sabunta iƙamata.

An sake goya motar zuwa gonar maigida, can gaba da unguwar Nasim, aka sa ta a tsohuwar rumfar awaki. Shekara uku ke nan. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan je. Na farko in buɗe tagar da ba ta fuskantar rairayi. Na biyu in watsa alkama a kan katakon da ke saitin rufinta, don tantabaru su san inda za su tsaya. Na uku in karkaɗe damin ciyawa a kanta. Tayoyin da na ba iska ni na sace su da hannuna, ɗinkina ma ni na warware. Na gaya wa maigida tun farko cewa in mai saye ya tambaye ni, gaskiya zan faɗa. Ya ce bai taɓa ganin mai sayen irin wannan mota ya tambayi direba wani abu ba. Na duba, haka ne.

Sau ɗaya a shekara masanin yakan zo da tocila, ya sunkuya, ya leƙa, ya ce da saura. Duk shekarar da ya ce da saura, ana sabunta mini iƙama. An rufa ginina, babbar 'yata ta gama makaranta. Baba ya ce a tarihin direbobin Hausawa ni ne na farko da kashin tantabara ke ciyar da shi, kuma in na koma Funtuwa kada in faɗa a tasha. Lemonsa kuwa ya yi 'ya'ya fiye da kowace shekara.

Akwai abu ɗaya da ban gaya wa kowa ba. Madubin gefe na hagu yana jikin bango, inda tocilar masanin ba ta kaiwa. Kowace Juma'a, kafin in rufe rumfar, nakan zura hannu da hankici in goge shi tas. Na yi ƙoƙarin dainawa, na kasa, domin in ban goge ba ranar ba na iya cin abinci.

Mu Hausawan Malaz ba mu da yawa, kuma na san wasu za su gane gidan tun daga bishiyar lemo. Kai da ka karanta wannan, in kana cikinsu, ina roƙonka ka bar maganar madubin nan a cikinka har ƙaramar 'yata ta gama makaranta. Saura shekara biyu.