Baba Mai Almakashi da Kyanwar da Aka Yar

Kafin a buɗe shagunan layinmu, Baba Mai Almakashi ya riga ya share gindin bangon kantin magani, ya ajiye bencinsa, ya wanke almakasansa ya jera a kan farin ƙyalle. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana yanke wa mutane farce a wannan wuri. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ido ya fara yi masa gardama. Shagon ɗinkina yana kallon bencin nan, don haka abin da zan faɗa ganau ne ni, ba jiyau ba.

Shi ke zuwa gida yana yanke wa mahaifina faratan ƙafa tun da ciwon sukari ya kama shi, bai kuwa taɓa fitar masa da jini ba. Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Maganar wata 'yar kyanwa ce, wadda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Maƙwabcina mai katifa ne ya samo ta saboda ɓeraye, ba ta fi wata uku ba. An haife ta da farata biyu a ƙafar gaba masu lanƙwashewa, suna tsiro suna nutsewa cikin nama. Zafin ya sa take kartar duk abin da ta samu, har ta yaga masa ledar katifa guda. Sai ya danne ta da gwiwa, ya sa filaya ya gutsure faratan har tsoka, ya wurga ta bayan kwata. Muna zaune muna kallo, ƙarti da gemu. Wasu har da dariya.

Baba ne ya sauke ƙafar wanda yake yi wa aiki, ya je ya naɗo ta a gefen rigarsa.

"Haba maƙwabci," in ji shi, "ko ɓarawo ka kama ai ba ka yi masa haka ba."

"To Baba, in 'yarka ce ɗauki abarka."

"Na ɗauka."

Ya sa ta a kwali ƙarƙashin benci. Safe da yamma sai ya nannaɗe ta da tawul, ya bar ƙafa ɗaya a waje, ya wanke da ruwan ɗumi da gishiri, tana cizonsa yana ba ta haƙuri kamar mutum. Rana ta huɗu ƙafar ta kumbura ta fara ruwa. Ya tattara kayansa da hantsi, lokacin da aiki ya fi zuwa, ya kai ta wurin likitar dabbobi. Ita ta ciro guntun farcen da ya karye a ciki, ta ba da magani, ta nuna masa iyakar inda ake yankewa: farin bakin farcen kawai, ban da inda jini yake. Ta ce da an ƙara kwana biyu, sai dai a yanke ƙafar.

Ladan da layinmu ya ba shi kuwa shi ne tsegumi. Aka baza cewa da almakashin mutane yake yi wa mage. Alhali kowa ya ga ƙaramin da ya saya mata, da jan zare a hannunsa, a gwangwaninsa daban. Benci ya koma wayam. Masu wucewa suna cewa, "Likitan mage, yaushe za a fara yi wa ɓeraye aski?" Wanda ya yi ta'asar kuwa ba wanda ya ce masa kanzil.

Ni ma ban tsira ba. Na aika masa cewa ya dakata da zuwa gidanmu. Da mahaifina ya ji, ya kira ni ya ce, "Kai yaro, mutumin da ya ji tausayin mage ne zan ji tsoron hannunsa? Tashi ka kira shi."

Bayan wata biyu ta warke, ta yi ɓulɓul, ɓerayen kantin magani suka shiga uku. Sai ga mai katifa, ko kunya babu, wai ya zo ɗaukar kyanwarsa. Baba bai ko ɗago kai ba.

"Duba bayan kwata, inda ka ajiye taka."

Baba, kai ne ka miƙe ranar da muka zauna. Kai ne aka hana wa abinci saboda alheri, ba ka rama ba, ba ka kuma fasa ba. Mai hannun sanyi, wanda ba ya yanka sai inda ba zafi. Mun gode, Allah Ya ba ka hutu cikin lafiya, Ya saka maka da abin da muka kasa.

Ku kuma jama'a, dabbar da kuka kawo gida amana ce. In tana ɗingishi ko tana karta fiye da kima, ku duba ƙafarta, ku kai ta ga wanda ya sani. Waɗanda suka guje wa bencin nan, saura kwana tara, ku je ku ba shi haƙuri. Ni na je jiya. Ban gama magana ba ya katse ni.

"Bar wannan zancen, tela. Zo riƙe mini ƙafar kyanwar nan, ka gaya mini inda farin ya ƙare. Ba na gani sosai."