Shafin Waɗanda Ba A Gani Ba

Shekara goma sha tara Malam Idrisu ya yi yana gadin ƙofar wani kamfanin roba a Sharada, inda ake buga buta da bokiti. Mutumin gabas ne, daga wani ƙauye a bakin Tafkin Chadi, kuma duk ɗan yankinsu da ya sauka Kano neman aiki a bencinsa yake fara ajiye jaka. Da yaƙi ya ci garuruwansu, sai bencin ya koma wurin jin wa ya mutu, wa ya tsira.

Shi ya fara rubuta sunayen, da ajami, a wani littafi mai bangon kwali. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya sa mutum cikin matattu sai mutum biyu sun ce sun ga gawar ko sun sallace ta. Wanda babu shaida a kansa sai ya kai shi shafukan baya, na waɗanda ba a gani ba. Shekara shida yana wannan aiki ba wanda ya ce masa sannu, shi ma yana zaton bai damu ba.

Ashe ya damu. Sagir ne ya tona shi, wani ɗan garinsu mai kula da sito, mai babbar waya da Turanci a baki. Ya roƙi littafin, Malam Idrisu ya karanta masa shi suna bayan suna, shi kuwa ya tura wa wata ƙungiya mai tattara adadin farar hular da yaƙi ya kashe. Ba a yi wata ba sai ga muryar Sagir a rediyo, ana ce masa mai bin diddigi. Ko sau ɗaya bai ambaci mai gadi ba.

Daga nan benci ya yi sanyi. In an tashi daga aikin safe, mutane sai su ɗaga wa Malam Idrisu hannu su zarce ƙofar sito. Ƙyashi ya kama dattijon nan ƙwarai, har in ya ji dariyar Sagir sai shayi ya fita ransa. Ya daina ba shi littafin. Sagir bai ko nema ba, don shi abin da aka turo masa a waya ya ishe shi.

Ana haka aka tare wata mota a hanyar garinsu aka ƙone ta. A cikinta akwai Habibu, mai aikin injin narka roba, wanda ya tafi ɗauko mahaifiyarsa. Sagir ya sa duk wanda ya shiga motar cikin matattu, aka karanta a rediyo. Matar Habibu, Sauda, ta shiga takaba a ɗakinsu na haya a Dorayi, inda take da yaransu. Malam Idrisu dai a shafin baya ya ajiye shi, domin ba wanda ya ga gawa.

Wata ranar Litinin da hantsi wani direba ya kira Malam Idrisu. Ya ce ya ga Habibu da idonsa a wani asibiti a hayin iyaka, ƙafa a ɗaure, ba waya, amma da ransa. Mutum na biyu ya tabbatar kafin azahar. Malam Idrisu ya saka takalmi zai nufi Dorayi, sai ya tuna ranar Juma'a 'yan garinsu za su taru a ƙofar kamfani bayan an taso daga masallaci, kuma Sagir ne zai yi bayani. Ya cire takalmin ya zauna. Kwana huɗu ne kawai, in ji zuciyarsa, kuma a gaban kowa za a san wane ne mai littafi.

Juma'a ta zo, ya bar Sagir ya gama, sannan ya miƙe ya buɗe shafin baya ya faɗa musu Habibu na nan da ransa. Wuri ya ɗauki kabbara. Sagir ya sunkuyar da kai, mutane suka yanyame benci kamar da. Daɗin da Malam Idrisu ya ji a ranar, shi kaɗai ya san shi.

Da la'asar ya je Dorayi da kansa, ya tsaya a zaure. Sauda ta fito a lulluɓe, albishir ya riga shi isowa, idanunta sun kumbura da kukan murna. Ta durƙusa ta yi ta godiya, sannan ta ce, "Baba, yaushe labarin ya same ku?"

Mutumin da bai taɓa rubuta abin da ba shi da shaida ba, ƙarya ta ƙi fita daga bakinsa. Ya ce, "Ranar Litinin."



"Ai da ɓoye wa yaran nake yi," in ji ta. "Ranar Laraba na zaunar da su na gaya musu babansu ya rasu. 'Yar autarmu Ummi tun ranar ba ta ƙara magana ba."

Ta tashi ta koma ciki. Malam Idrisu ya daɗe a zauren da littafinsa a hammata, ba wanda ya fito masa da ruwa.