Shu'aibu, Wanda Ya Ƙi Rantse Mini

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Da hantsin Talata, 12 ga Satumba, 2006, aka aiko mini cewa maƙwabcina a Gangare, Malam Shu'aibu ma'aikacin duba yanayi, ya cika bayan gajeriyar jinya.

Shu'aibu, tun da ka tare a layinmu muke musu. Ni ban yi boko ba. A ramin kuza na koyi kallon sama, don wanda ruwa ya ritsa da shi a cikin rami ba ya fitowa ya ba da labari. Idan ka ce gobe za a yi ruwa, sai in ce, "Oga, an aiko maka da wasiƙa daga sama ne?" Ka yi dariya ka ce, "Baba, kirdado ne. Hukunci na Allah ne."

Daminar bara waccan ce ba zan manta ba. Ɗana Badruddeen yana aikin kuku a jirgin ruwa na dakon kaya, sun tashi daga Legas za su ƙetare teku. Sai rediyo ta ce wata guguwa ta taso a tsakiyar tekun, a kan hanyarsu. Ba waya, ba ɗan aike. Uwarsa Binta, ga hawan jini, ta ture kwano ta daina cin abinci.

Na same ka a ƙofar gida na ce ka faɗa mini gaskiya. Ka ce guguwar teku ruwan ɗumi take ci, kuma wannan ta doshi inda ruwa ke da sanyi, ga iska mai ƙarfi tana jiran ta a sama. Kana sa ran za ta yi rauni kafin su gamu. Na shiga na ɗauko Alƙur'ani na ce ka dafa, in je in gaya wa Binta ka rantse. Ka mayar da hannunka baya.

"Baba, ba zan rantse a kan abin da bai faru ba. Amma duk abin da na gani, kai ma za ka gani."

Na ji haushinka ƙwarai. Amma kullum ka taso daga ofis sai ka biyo da hoton guguwar da aka ɗauka daga sama. A hoton farko a dunƙule take kamar faifai. Ana nan, ran nan na karɓi hoto na ga kanta ya karkace gefe, gindin ya tsaya tsirara. Wannan kam ba sai an karanta mini ba. Na sha ganin hadari ya haɗu a kan duwatsun Shere, iska ta fille masa kai, ya watse ko ɗigo babu. Na shiga na ce wa Binta, "Na gani da idona." Ranar ta sha kunu.

Kai ne kuma ka gaya mini cewa irin hadarin da ke wucewa ta kanmu ya yi yamma, shi ne wani lokaci yake girma a teku ya zama guguwa. Na ce ashe ɗan gida ne yake neman cinye mini ɗa.

Badruddeen ya dawo. Ya ce sun sha jijjiga, tangaran sun farfashe, iyakarta ke nan. Shi ne a gaban makararka.

Har gobe ina nan a kan bakana, ruwa na Allah ne, kai ma ba ka taɓa cewa naka ne ba. Amma da muna mayar da ƙasa a kabarinka, hadari ya taso ya nufi yamma. Na waiwaya in tambaye ka ina za shi.

Allah ya jiƙanka, Shu'aibu, ya yafe kurakuranka, ya sanyaya makwancinka yadda ka sanyaya mana rai. Ya ba matarka Amatullahi da 'yarka Rahma da sauran dangi haƙurin rashi. Mu kuma, idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.