Kayan Aro

Shekarar da aka gama yaƙin basasa, labari ya iso Tudun Wada cewa za a biya wa 'ya'yan tsofaffin sojoji marasa ƙarfi kuɗin makaranta na zango ɗaya. Baba ya dawo daga yaƙin da ɗingishi, ba shi da aikin yi.

Inna ta ce ba a zuwa ofishin gwamnati da tsumma. Ta aro mini riga da takalmi a gidan tela maƙwabcinmu, Baba kuma ya sa babbar rigar wansa.

Akawun ofishin ya dube mu sama da ƙasa, ya ce, "Malam, ai wannan taimakon na mabuƙata ne. Ku kam Allah ya rufa muku asiri."

Na jira Baba ya ce kayan aro ne. Sai ya gyara hula, ya ce, "Alhamdulillahi," ya kama hannuna muka fito. A hanya har murmushi yake yi.

Na mayar da takalmin, na yi zangon nan a gida. Har yau na rasa gane ko nasara muka yi ran nan ko asara.