Ranar da ɗalibata ta karɓi allona

Shekara goma sha tara ina koyar da fiziks a wata sakandare a Karaye. Dama ɗaya na taɓa samu ta ƙaro karatu, a shekarar mahaifina ya rasu, gonarmu ta Tudun Kaya ta dawo wuyana.

Cikin ɗalibaina akwai wata 'yar Ruwan Bago, marar magana. Ni na koya mata riƙe rula. Bara ta dawo daga ƙasar waje da digirin dakta, ta zo gaishe ni tare da mijinta. Ta durƙusa har ƙasa, amma shugaban makaranta da kansa ya ɗauko mata kujera, abin da bai taɓa yi mini ba.

Ya roƙe ta ta yi wa ajina bayanin aikinta. Na miƙa mata alli, na koma bencin baya.

Ta ce wasu masana na hasashen kowane irin ƙwayar zarra yana da abokin tagwaici mai nauyi daidai da nasa. Tunda ba a gan su ba, ke nan daidaiton ya karye da kansa. Karyewar kuwa tana cika sararin da babu komai da ƙarfi mai yawa, alhali wanda aka auna, mai sa sararin samaniya ƙara saurin faɗaɗa, ɗan mitsitsi ne. Idan aka shigar da ƙarfin jan nauyi cikin lissafin, wani kaso yakan zo da alamar ɗebewa ya cinye kusan duka.

A layi na uku na lissafinta na ɓace. Yaran da ke gyangyaɗi a darasina kuwa sun zuba mata ido, ko motsi ba sa yi. Na ɗaga hannu, ba don neman sani ba.

"To me ya sa ragowar ta tsaya daidai nan?"

"Malam, wannan ba wanda ya sani tukuna," in ji ta. "A kansa muke."

Muke. Kalmar nan ta fi komai cin raina.

Da za su tafi ta ba ni kwafin takardar bincikenta. Na sa mata albarka, da gaske kuma nake, sai dai ban raka su bakin mota ba. Na ce ina da aji.

Ranar Asabar na tafi da takardar gona. Ana cirar gyaɗa ina gindin ɗorawa da biro. Shafi biyu na iya fahimta kafin la'asar.