Libarbar da ta faɗo daga kan jaki

Shekarun baya, tun famfo bai shiga gidajen Makka ba, ni da abokina ga-ruwa muke yi a unguwar Hindawiyya. Malam yake kirana, don na taɓa riƙe allo kafin allon ya gaji da ni.

Yana da libarba, ƙaramar bindigar nan ta hannu. A hanyar Sudan ya same ta lokacin da suka taho a ƙasa, kuma duk wanda suka yi tafiyar tare ya shaida ba ya kuskure da ita. Da ya zauna a Makka sai ya naɗe ta a tsumma ya ɓoye.

Ranar da zai koma unguwar Zahir, kusa da surukinsa, na taya shi kwasar kaya. Jaki ya yi tuntuɓe, libarbar ta zame, ta bugi dutse da baki. Na ɗauka, na kanne ido ɗaya kamar ubana maƙeri ne, na dubi ɗan tsinin ƙarfen da ake saiti da shi.

Na ce, "Wannan ya karkace."

Ya ce, "Malam, kai da ko alƙalami ba ka feƙewa daidai?"

"To a gwada mana."

"A ina, ya shaihu? A ƙasar Harami, inda ko ciyawa ba a tugewa? Askar, 'yan sandan garin nan, su ji ƙara mu ce musu me?"

Gaskiyarsa. Gwaji sai an fita bayan iyaka, kuma ba mai barin garwarsa yini guda saboda gardamata. Aka mayar da ita tsumma.

Bayan 'yan watanni mahaukacin kare ya shigo layinsu da la'asar, ina wurin. Irinsa ko a Harami an halatta kashewa. Surukin, tsoho ne mai zafin zuciya, ya fito da sanda ya tare shi. Abokina ya fito da libarba. Ya harba. Karen ya gudu, tsohon ya zauna a ƙasa riƙe da cinya.

Abin da ya fara faɗa shi ne, "Kada wanda ya kai wa askar magana. Ba za a rufe mini mijin 'ya ba." Wanzami ya ciro harsashin, amma raunin ya ruɓe. Kafin wata ya mutu mun kai shi makwanci.

Ni na je wajen matar abokina na rantse mata cewa bindigar ta faɗi a gabana, kuma da idona na ga saitin ya goce. Ta riƙe maganar nan da hannu biyu. Da ita take iya dafa masa abinci, da ita take iya kallon fuskarsa.

Shi kuwa bai riƙe ba. Da ya gama azumin kaffara ya ce, "Malam, shirya, Arfa za mu."

Arfa tana bayan iyakar Harami, kuma in ba lokacin Hajji ba, fili ne kawai da rana. Ya kafa tsohuwar garwa a kan dutse, ya ja baya kamar nisan da ke tsakaninsa da karen. Na ce ya ba ni in fara. Na harba, na samu Arfa gaba ɗayanta ban da garwar.

Na ce, "Ka gani? Halas, shi ke nan, mu koma."

Ya karɓa. Ya harba, garwa ta yi ƙara. Ya mayar da ita kan dutsen, ya sake. Hudar ta biyu kusan a cikin ta fari ta shiga.

Ya daɗe zaune a rairayi. Na ce, "Ba wanda ya gani sai ni, ni kuwa idona ba shi da kyau."

Ya ce, "Uban matata ne, Malam."

Da muka isa gidansa bai ko sha ruwa ba. Ina daga zaure na ji ya ce mata, "Bindigar lafiyarta lau. Hannuna ne ya girgiza." Sai ta ce, "Wa ya aike ka gwadawa?"

Ba ta fita daga gidan ba. Sun haifi 'ya'ya, sun tsufa tare. Amma daga ranar abincinsa a bakin ƙofa take ajiyewa, ba ta sake zama kusa da shi yana ci ba har ya rasu.

Yanzu jikokina kan tambaye ni, wai bindiga in ta faɗi saitinta na gocewa? Sai in gyara zama in ce yana gocewa ƙwarai, masu gyaranta sun gaya mini, don haka in ta faɗi a gwada ta kafin a nuna ta ga komai. Suna ɗauka ilimi nake ba su. Ba na gaya musu cewa wadda na sani ba ta goce ba, kuma har yau ban san ko ya kamata in raka shi Arfa ba.