Yatsun Don Hilario

Gwaggona Eufrosina ta tsufa tana jan cuku a garinmu Etla, kuma ko limamin cocinmu bai isa ya kawo wuƙa kusa da cukunta ba. Irin wannan cukun namu, kesiyo, ba a yanka shi, ko yaron goye ya sani. Cikin ruwa mai zafin tsiya ake jan sa har ya yi tsawo, a naɗe shi kamar ƙwallon zare. Mai ci ya warware da yatsu, sili-sili, a zuba cikin tortiya, gurasarmu ta masara, ya narke a kan kasko.

Sai ga Don Hilario, wani gwauron direba daga arewa, wai shi gwaggo yake so. Ita ma kar ku ji ta, tun rasuwar mijinta ban ga ta sa jan-baki ba sai lokacin. Ranar da ta kira shi cin abinci, bawan Allah ya zaro wuƙa daga aljihu ya yanka cukun fala-fala.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Don Hilario, me na yi maka?"

"Haba Doña, ai duk ciki ɗaya za shi."

"To kai ma ƙofa ɗaya za ka bi, wadda ka shigo."

Ta kore shi, sannan ta shige ɗaki tana kuka. Su biyun duk haushi suka ba ni.

Washegari ya dawo, ya naɗe hannun riga, wai a koya masa. Kafin ka ce kwabo ya tsunduma hannu cikin ruwan. Wayyo! Ihunsa har karnukan unguwa suka amsa. Hannun gwaggo ya saba da zafi, nasa kuwa sitiyari kawai ya sani. Aka naɗe yatsun da tsumma, ya zauna yana kallon abinci kamar maraya. Gwaggo ta ja tsaki, ta warware cuku ta sa masa a baki.

Suka yi aure. Shekara da shekaru yatsun nan wai ba su gama warkewa ba, alhali mota yake tuƙawa lafiya lau. Ita kuma tana ce masa malalacin banza tana ba shi a baki.

Bara gwaggo ta rasu. Ranar tunawa da matattu, da muke ajiye musu abincin da suke so, na same shi gaban hotonta yana warware mata cuku, siriri kamar gashi, wallahi ya fi nawa kyau.

"Kawu, ashe hannun ya warke?"

Bai ɗago ba. "Tun kafin aurenmu. Ita ma ta sani."